Reshe a Accra ko aiki daga Abuja: wace hanya ce yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa suka fi share maka?

Ɗan yayata yana da ɗan kamfani a Wuse, nan Abuja. Su biyar ne, aikinsu sola: su auna wutar da gida ko asibiti ko gidan burodi yake ci, su zana yadda za a haɗa farantai da batura, su kafa, su koya wa yaran wurin ƙananan gyare-gyare. Bayan babbar Sallah ya same ni a gida da wata magana. Wani Alhaji mazaunin Gana, wanda suka yi wa aiki a gidansa na Gwarinpa, ya ce masa ya tsallako akwai kasuwa, har ya turo masa hoton wani shagon haya a Accra.

"Kawu, tunda an ce an cire shinge a kasuwar Afirka, me zai hana in buɗe reshe? Ko kuwa in riƙa zuwa ina dawowa?"

Na ce, "To, wace yarjejeniya ce ta cire maka shingen?" Ya yi shiru. Ban ga laifinsa ba. Abin da ake ji a rediyo ke nan, an buɗe, an buɗe, ba a faɗin wace ƙofa aka buɗe, ga wa, kuma da wane sharaɗi. Abin da na shimfiɗa masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba. Akwai akanta, akwai mai zanen gini, mai rubuta manhaja, mai makaranta, mai kamfanin tafiye-tafiye.

Da farko a raba kaya da hidima. Buhun citta ko kwalin batir, shingensa a bakin iyaka yake: kwastan ya duba, ya yanka kuɗin fito, mota ta wuce. Hidima kuwa ba ta da buhu. Kwastan ba shi da sikelin auna zanen injiniya ko shawarar lauya. Shi ya sa shingenta yake can cikin gari, a ofisoshi: lasisin sana'a, rajistar kamfani, mafi ƙarancin jarin da baƙo zai shigo da shi, izinin zama, da harajin da ake zarewa kafin kuɗinka ya iso hannunka. Waɗannan ne yarjejeniyoyin hidima suke taɓawa, kuma babu wadda ta share su duka.

Wadda ta fara tsara al'amarin ita ce GATS, yarjejeniyar cinikin hidima ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO. An fara tattauna ta a 1986, aka sa hannu a Marrakesh ta Maroko a 1994, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995, kuma Najeriya na ciki tun daga ranar. Ita ce ta raba sayar da hidima gida huɗu, yarjejeniyar Afirka ma ta ɗauki rabon yadda yake. Ta ɗaya, kana gidanka, mai saye yana nasa, aikin ne kaɗai ke tsallake iyaka, kamar zanen da aka tura ta imel. Ta biyu, mai saye ya taso ya zo inda kake, kamar marasa lafiyarmu da ke zuwa Alƙahira ko Indiya, ko ɗaliban da ke karatu a Maraɗi. Ta uku, ka kafa kamfani a can, yadda MTN ta Afirka ta Kudu ta yi a nan a 2001, ko yadda UBA da Zenith da Access suka yi a Gana. Ta huɗu, kai da kanka ka je ka yi aikin na ɗan lokaci ka dawo.

Tambayar ɗan yayata, ashe, zaɓi ne tsakanin ta uku da ta huɗu, bai ma lura akwai ta ɗaya da ta biyu ba. Ƙididdigar WTO ta shekarar 2017 ta nuna kusan kashi 60 cikin 100 na cinikin hidima a duniya ta hanya ta uku yake bi, ta huɗu kuwa kimanin kashi 3 kacal. Kada wannan ya ruɗe ka. Kashi 60 ɗin nan na bankuna ne da kamfanonin waya da manyan otal-otal, masu lauyoyi a kowace ƙasa. Kashi 3 ɗin kuma yana faɗa maka yadda ƙasashe ke ƙanƙame ƙofa idan mutum ne da kansa zai shigo.

GATS: mai faɗi, amma sai ka iya karanta jadawali

Ƙasashe 166 ne a WTO, wato kusan duk inda za ka so sayar da aikinka: Ingila, Amurka, Saudiyya, Hadaddiyar Daular Larabawa, Sin, Gana, Nijar. Wasu kamar Aljeriya da Habasha ba su gama shiga ba. Shugabarta tun 1 ga Maris 2021 'yar Najeriya ce, Ngozi Okonjo-Iweala, amma wannan ba zai rage maka layi a ofishin biza ba.

Ƙa'idoji uku ne ƙashin bayanta. Ta farko ta hau kan kowa: kada ƙasa ta fifita baƙo a kan baƙo. Sauƙin da ta yi wa kamfanin Faransa, na Najeriya ma ya samu, sai dai inda ta keɓe wani abu tun farko, ko inda take cikin wata yarjejeniyar yanki irin ECOWAS, wanda GATS ɗin ta yarda da shi. Sauran biyun, wato buɗe ƙofar kasuwa da daidaita baƙo da ɗan gida, ba su hau kan kowa kai tsaye ba. Suna aiki ne a fannin da ƙasa ta rubuta da hannunta cewa ta yarda. Kowace ƙasa tana da takarda, jadawalin alƙawura. An kasa hidimomi zuwa manyan fannoni 12, ƙasa ta zaɓi waɗanda take so, kuma a kowane fanni ta faɗi matsayinta a kan hanyoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Fannin da ba ta rubuta ba, ba ta ɗauki alƙawarin komai a kansa ba.

Akwai kalmomi biyu da ke tuntuɓar da mutane a jadawalin. Idan ka ga "None", kada gabanka ya faɗi, albishir ne: babu wani taƙaitawa, ƙofa a buɗe take. Idan ka ga "Unbound", nan ne matsala: ƙasar ba ta ɗaure kanta ba, yau ta bari, gobe ta hana, ba wanda zai tuhume ta. A jadawalin ƙasashen da ke aiki da Faransanci, "Néant" da "Non consolidé" za ka gani. Duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan takardu zai lura da abu ɗaya: layi na huɗu, na zuwan mutum da kansa, kusan kullum "Unbound" ne, sai ɗan sassauci ga manajoji da ƙwararrun da kamfani ya tura reshensa. Ƙari a kan haka, GATS ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba ruwanta da mai neman aikin albashi, ko mai neman zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa, kuma ba ta hana ƙasa neman biza ba. Wanda ya ce maka akwai dokar duniya da ta ba ka damar zuwa Landan neman aiki, ko bai karanta ba, ko aljihunka yake kallo.

Kwangilar gwamnati ma, abin da hukuma ta saya don amfanin kanta, ƙa'idojin nan uku ba su hau kanta ba. Ga masu sola wannan babban gibi ne, don manyan ayyukan, na asibitoci da makarantu da fitilun titi, yawanci na gwamnati ne.

To ina amfaninta? Tabbas. Abin da ƙasa ta rubuta ba ta janye shi da safe ɗaya. Sai bayan shekara uku, kuma sai ta zauna da ƙasashen da abin ya shafa a kan diyya. Idan abokan cinikinka suna Turai ko ƙasashen Larabawa kuma aikinka ta intanet yake tafiya, jadawalin GATS ne zai nuna maka ko a kan dutse kake gini ko a kan yashi.

Amma in an karya alƙawari, kai ba ka da bakin kai ƙara. Gwamnati ce ke ƙarar gwamnati. Tsibirin Antiguwa da Barbuda ya yi ƙarar Amurka a 2003 a kan hana cacar intanet, ya yi nasara, har aka ba shi izinin ramuwar dala miliyan 21 a shekara, amma Amurka ba ta buɗe kasuwar ba. Ba halascin caca nake magana ba, Allah ya kiyaye. Ina nuna yadda ƙaramin ke ƙarewa ko da ya ci shari'a. Kuma tun Disamba 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ba ta zama, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai.

Yarjejeniyar Afirka: ita ake yi wa kirari

AfCFTA, yarjejeniyar ciniki ba shinge tsakanin ƙasashen Afirka, ita ce wadda ɗan yayata ya ji a rediyo. An sa mata hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, ta fara aiki a matsayin doka ranar 30 ga Mayu 2019. Najeriya ta yi jinkiri, sai 7 ga Yuli 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai, aka tabbatar a ƙarshen 2020, aka ayyana fara ciniki ranar 1 ga Janairu 2021. Sakatariyarta tana Accra, Wamkele Mene ɗan Afirka ta Kudu ne ke riƙe da ita. Duk ƙasashen Tarayyar Afirka sun sa hannu ban da Eritriya.

Tana da sashe na musamman a kan hidima, kuma tsarinsa ɗan GATS ne sak: hanyoyi huɗu, jadawali, abin da aka rubuta shi aka buɗe, kwangilar gwamnati a waje. Bambancin shi ne ana son ƙasashen Afirka su ba juna fiye da abin da suka ba duniya. An fara da fannoni biyar: hidimomin kasuwanci da na ƙwararru, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido, da sufuri.

A nan ne na ga idon ɗan yayata ya buɗe. Na ce masa, aikinka guda ne a wurinka, amma a takarda biyu ne. Zane da lissafin injiniya suna cikin hidimomin ƙwararru, wato cikin biyar ɗin farko. Hawa rufi a kafa farantai a ja waya kuwa, rabon fannonin ya jefa shi cikin gine-gine, wanda ba ya cikin biyar ɗin. Ilimi da lafiya ma ba sa ciki. Ke nan mai rubuta manhaja, da akanta, da mai kamfanin tafiye-tafiye, su ne a sahun gaba. Mai makaranta da mai asibiti da ɗan kwangilar gini suna jiran zagaye na gaba.

Ko a cikin biyar ɗin, abin da za ka samu a Kenya ko Masar ko Kamaru ya rataya ne a kan jadawalin da ƙasar ta miƙa, da kuma ko ta mayar da shi dokar cikin gida. Jami'in da ke bayan teburi a ofishin rajista da dokar ƙasarsa yake aiki, jawabin taron shugabanni bai dame shi ba. Sa'annan, wannan yarjejeniya ba ta zirga-zirgar mutane ba ce. Wancan wata takarda ce dabam ta Tarayyar Afirka, ita ma ta 2018, wadda ƙasashe ƙalilan ne suka tabbatar da ita, ba ta kai adadin fara aiki ba. Biza tana nan inda take, sai ƙasar da ta ga damar ɗagewa don kanta, kamar Ruwanda.

Ban raina ta ba. Ban da GATS, ita ce ta haɗa mu da Kamaru da Chadi, maƙwabtan da ba sa ECOWAS, da kuma manyan kasuwannin gabas da kudu. A gefenta aka ƙaddamar da PAPSS a Janairu 2022, tsarin bankin Afreximbank da ke ba da damar mai saye ya biya da sidin Gana kai ka karɓi naira, ba sai kuɗin ya zagaya ta dala ba. A Fabrairu 2024 kuma shugabanni suka amince da sashen cinikin intanet. Shuka ce mai kyau. Sai dai ba a biyan kuɗin haya da hatsin da bai nuna ba.

ECOWAS: tsohuwa, ƙarama, amma ita ce ake taɓawa da hannu

Hedikwatarta tana nan garinmu. An kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga mai matakai uku: shiga, zama, da kafa sana'a. Matakin farko yana aiki kowa ya sani: da fasfonka ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafi, ka shiga Gana ko Benin ko Togo ko Senegal ba biza, har kwana 90. Babu GATS, babu AfCFTA da ta ba ka wannan. Idan da mota za ka, inshorar katin ruwan ƙasa ta yankin tana raka ka. Ga mai hanya ta huɗu, wannan ita ce dukiyar.

Matakan biyu na gaba an yi musu ƙarin takardu a 1986 da 1990, a rubuce sun yi kyau: ɗan yankin yana da haƙƙin zama da kafa sana'a kamar ɗan ƙasa. A aikace nan ake yin karo. Kwana 90 izinin shiga ne, ba lasisin sana'a ba. In ka wuce su, sai katin zama. Rajistarka ta COREN, majalisar injiniyoyinmu, ba ta zama rajistar Gana ba. Can suna da tasu majalisar injiniyoyi, kuma Hukumar Makamashinsu ce ke ba da lasisin kafa sola. Amincewa da takardun juna abu ne da kowace yarjejeniya take ƙarfafawa amma ba ta tilastawa. Mu kanmu, a Janairu 2024 gwamnatinmu ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, duk da muna ƙungiya ɗaya.

Sai batun jari, wanda shi ya kashe maganar shagon Accra. Dokar zuba jari da Gana ta kafa a 2013 ta ce baƙon da zai haɗa gwiwa da ɗan ƙasa ya kawo dala dubu 200, wanda zai mallaki kamfani shi kaɗai dala dubu 500, mai saye da sayar da kayan da aka shigo da su kuwa dala miliyan 1, kuma ya ɗauki ƙwararrun 'yan Gana 20. Ta kuma keɓe tallan kasuwa da ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. Da wannan doka aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Accra da Kumasi a 2019 da 2020, suna ɗaga takardar ECOWAS, ana nuna musu ta Gana. Shagon da aka turo wa ɗan yayata hotonsa, da ya jera batura da farantai a ciki don sayarwa, sahun dala miliyan ɗaya zai faɗa. Irin wannan doka tana sauyawa da sauyin gwamnati, don haka ranar da za ka yi lissafi ka nemi adadin daga bakin hukumar zuba jarin ƙasar, kada ka ɗauka a majalisar shayi.

Kada mu yi ta nuna Gana da yatsa. Mu ne muka rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Su sun kori baƙi a 1969, mu muka rama a 1983, har jakar da aka kwashe kaya da ita ta samu suna. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an rufe iyaka har Maris 2024, fataken Jibiya da Illela da Maigatari sun san abin da suka gani. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12. ECOWAS ta ce a ci gaba da mutunta zirga-zirga da su har zuwa wani lokaci, amma "har zuwa wani lokaci" alfarma ce, ba haƙƙi ba. Ga Bahaushe wannan ya fi komai ciwo, don kasuwar da ta fi kusa da harshensa, Maraɗi da Damagaram da Yamai, ita ce yanzu ta fi rashin tabbas a takarda.

To wace hanya?

Idan aikinka yana shiga waya, fara da ta ɗaya. Ba haya, ba katin zama, ba sharaɗin jari, kuma rufe iyaka ba ya tare imel. Dokar harajinmu ba ta ɗora VAT a kan hidimar da aka sayar wa wanda ke wajen ƙasa. Wahalarta uku ce. Karɓar kuɗi, don haka ka buɗe asusun kuɗin waje da sunan kamfani, ka kuma tambayi bankinka ko yana kan PAPSS. Harajin da ƙasar mai saye za ta zare daga kuɗinka, wanda ba ruwan GATS da shi, yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu ce ke rage shi. Najeriya tana da ita da ƙasashe kamar Ingila, Faransa, Kanada, Sin da Afirka ta Kudu. In ba ka sa wannan a farashi ba, ribarka ce za ta tafi. Sai hatimi: zanen da za a kai wa hukuma yawanci sai injiniya mai rajistar ƙasar ya sa hannu. Mai riƙe bayanan mutane kuma ya san akwai dokar kare bayanai tamu ta 2023, ga ta Turai mai tsanani da ta fara aiki a 2018.

Ta biyu ita ce wadda muka fi rainawa, alhali ita ce mafi ƙarancin shinge, don dokar gidanka kake bi, lasisinka na gida ya wadatar. Mun saba mu ne masu fita da kuɗi, Umra, asibiti, karatu, har mun manta ana iya juya akalar. Yaro daga Tamale ko Parakou zai iya zuwa Abuja ya koyi haɗa sola na wata biyu cikin kwana 90 ɗinsa, ba biza. Mutanen Jos ma sun fi mu dacewa da wannan: sanyin gari, masauki mai sauƙi, ga jami'a, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ga makarantar koyon fim. Abin da ke kashe wannan hanya ba ya cikin kowace yarjejeniya: tsaro a hanya, da ko takardar shaidar da ka ba ɗalibi za ta yi masa amfani in ya koma gida.

Ta huɗu, a cikin ECOWAS, tana da kyau ga aiki mai farko da ƙarshe: ka je, ka kafa, ka gwada, ka dawo. Amma ka shiga a ƙarƙashin inuwar mai lasisin can. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su gina rumfa a kowane zango ba. Fatoma suke sauka wurinsa, shi ya san sarki, ya san dillali, ya san wanda ba a ba bashi, a ba shi la'adarsa. Kamfanin ɗan ƙasa mai rajista shi ne fatoman yau: kwangila da sunansa ko da sunanku tare, lasisi nasa, ƙwarewa taka. A wajen ECOWAS kuwa, ko Nairobi ko Dubai, ta huɗu maganar biza da izinin aiki ce tsantsa, ka lissafa kuɗinsu da lokacinsu kafin ka ce "na karɓa".

Ta uku ita ce ta ƙarshe, ba don ba ta da kyau ba, sai don ita ce mai cin jari tun kafin a ga kwabo. Ta dace da wanda ya riga ya tara abokan ciniki a can har zirga-zirga ta fi haya tsada, ko wanda sana'arsa doka ta ce sai da ofis a ƙasa, kamar harkar kuɗi da inshora, ko mai hangen kwangilar gwamnati. Wanda ya kai nan, ina ba shi shawara ya auna ƙasashen Faransanci da Gana kafin ya yanke. Ƙasashe 17, ciki har da Benin, Togo, Nijar, Kamaru, Chadi, Senegal da Kwaddibuwa, suna aiki da dokar kamfanoni iri ɗaya ta OHADA, wadda aka kafa a 1993. In ka koyi tsarin a Kwatano, ka koyi na Abidjan. Sefa kuma a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta rawa irin ta naira da sidi. Kuɗin shigarta shi ne Faransanci: takarda, kotu, haraji, duk da shi ne, Hausar kasuwa ba za ta cike maka fam ba.

Ko wace ka ɗauka, tunda ba ka da ikon kai ƙara da yarjejeniya, kwangilarka ce garkuwarka. A rubuta kuɗin da za a biya da shi, wa zai ɗauki harajin da aka zare, kashi nawa kafin a fara, da inda za a yi sasanci in an saɓa. Najeriya da Gana da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa hukuncin masu sasanci na wata ƙasa yake zartuwa a kotun wata. A ganina wannan tsohuwar takarda ta fi yi wa ƙaramin kamfani aiki a ranar rigima fiye da ukun da muka yi ta magana a kansu. Na taɓa ganin wani abokina ya yi wa wani kamfani a wata maƙwabciyar ƙasa aikin wata huɗu a kan amana da saƙon WhatsApp. Har yau rabin kuɗinsa yana can, kuma kuɗin lauya ya fi bashin.

Mu na Abuja muna da gatan da ba ma amfani da shi. Ofishin tattaunawar ciniki na ƙasa, NOTN, wanda aka kafa a 2017, yana nan. Hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, tana Maitama, kuma hidima ma tana cikin aikinta. Ofisoshin jakadancin ƙasashen da kake hange duk suna nan, kuɗin tasi ne tsakaninku. Ka je da tambaya ƙwaya ɗaya a rubuce, fanni kaza, ƙasa kaza, hanya ta kaza, za ka fi samun amsa a kan wanda ya shiga yana cewa a yi masa bayanin AfCFTA.

Ɗan yayata bai kama shagon ba. Ya tura wa Alhajin zanen gida biyu daga Wuse, an biya shi rabi kafin ya fara. Alhajin ya haɗa shi da wani mai lasisi a Kumasi, Bahaushen zango ne ma, kakansa daga Kano ya je. Watan gobe zai tafi da yaro ɗaya su yi sati biyu su duba kafawa, mutumin kuma zai turo yaransa biyu Abuja su zauna a shago su koyi aiki. Jiya ya kira ni yana tambayar inda ake sabunta katin rigakafin shawara, don nasa ya ɓace tun tafiyar Umra.